Motar Yuro Miliyan 135 da Ba Ta Taɓa Shiga Tsere Ba

Ranar 5 ga Mayun 2022, a gidan adana kayan tarihi na kamfanin Mercedes-Benz da ke Stuttgart a Jamus, wasu attajirai kaɗan da aka gayyata suka zauna gwanjon mota guda ɗaya. Da aka buga guduma, farashin ya tsaya a Yuro miliyan 135. Motar ita ce 300 SLR Uhlenhaut Coupé, ƙirar 1955, kuma biyu kacal aka taɓa ƙerawa. Kafin wannan rana, motar da ta fi kowace tsada a gwanjo ita ce Ferrari 250 GTO da aka sayar a Kalifoniya a 2018 kan dala miliyan 48.4. Cikin yini guda aka kusa ninka wannan adadi sau uku.

Abin da ya fi farashin ɗaukar hankali shi ne cewa motar ba ta taɓa shiga tsere ba. Don tsere aka ƙera ta, amma aka soke gasar Carrera Panamericana ta Meziko da ake sa ran za ta fito a ciki, sannan kamfanin ya janye daga fagen a ƙarshen kakar 1955. Injiniya Rudolf Uhlenhaut, wanda ake kiran motar da sunansa, sai ya mayar da ɗaya daga cikin biyun motar zuwa aiki. Kamfanin ya ce kuɗin gwanjon za su tafi wani asusun tallafa wa ɗalibai masu nazarin muhalli, kuma mai sayen ya amince a riƙa nuna ta ga jama'a a wasu lokuta na musamman. Duk da haka, da wuya wanda ya zuba irin wannan dukiya ya yarda a taka motar iyakar gudunta.

Daga nan muhawarar da ta raba masoya tsofaffin motocin tsere ta samo asali. Wasu na ganin irin waɗannan motoci sun zama kayan tarihi, wurinsu shi ne bayan igiya, ƙarƙashin fitila, inda ƙura ma ba ta isa. Wasu kuma na cewa motar da ba ta tafiya rabin mota ce. Hujja ta fi ƙarfi a ɓangare na biyu, da sharaɗi ɗaya: duk wanda zai tayar da injin don tuna wancan zamani, wajibi ne ya tuna shi dukansa, har da waɗanda suka mutu a cikinsa.

Abin da ake so a jikinsu

Wanda bai san dalilin da ya sa dattijo zai kashe ƙarshen mako yana kallon motar da ta girme shi ba, ya dubi abin da ya faru a Italiya ranar 1 ga Mayun 1955.

Gasar Mille Miglia, wato mil dubu, ana yin ta ne a kan titunan jama'a, daga Brescia zuwa Rum a dawo Brescia, kimanin kilomita 1,600. Hanyar ta ratsa tsakiyar garuruwa, ta tsallake layin dogo, ta haura duwatsun Futa da Raticosa, 'yan kallo kuma na tsaye a bakin kwalta babu shinge. Ana sakin motoci ɗaya bayan ɗaya, kuma lambar da ke jikin kowace ita ce lokacin tashinta. Stirling Moss, ɗan Birtaniya mai shekara 25, ya tashi da ƙarfe 7:22 na safe, don haka 300 SLR ɗinsa marar rufi ta ɗauki lamba 722.

Direbobin Italiya sun san hanyar kamar tsakar gidansu, Moss kuwa baƙo ne. Maganin da suka samo shi da abokin tafiyarsa, ɗan jarida Denis Jenkinson, shi ne su bi hanyar sau da dama kafin ranar, suna rubuta kowace kwana da kowane tudu da kowace gada. Suka jera bayanan a kan doguwar takarda da ta haura mita biyar, suka naɗe ta a cikin ƙaramin akwatin ƙarfe mai tagar leƙawa. Ƙarar injin ba ta bari a ji magana, saboda haka Jenkinson yana murza takardar yana yi wa Moss ishara da hannu. Idan ya nuna cewa bayan tudun nan hanya miƙaƙƙiya ce, Moss zai haura shi da cikakken gudu ba tare da ya ga abin da ke gaba ba. Kuskuren layi ɗaya a takardar ya isa ya kashe su duka biyu.

Sun dawo Brescia cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48, matsakaicin gudunsu ya kai kusan kilomita 158 a awa. Juan Manuel Fangio, zakaran duniya na lokacin, wanda ya tuƙa irin motar shi kaɗai, ya iso na biyu da tazarar fiye da rabin awa. Har aka daina gasar babu wanda ya karya wannan tarihi.

Motar na da injin mai silinda takwas a jere, mai ƙarfin doki kusan 300. Babu na'urar da ke sauƙaƙa sitiyari, babu kwamfutar da ke hana taya zamewa, birkin ma irin mai ganga ne wanda ke rasa ƙarfi idan ya yi zafi. Duk abin da motar ta yi, hannun direba da ƙafarsa da kunnensa ne suka sa ta. Wannan shi ne asalin abin da masoyan ke nema: inji da mutum zai iya gane yadda yake aiki daga farko har ƙarshe, da gwanintar da ake gani da ido. Motar tsere ta yau ta fi sauri kuma ta fi aminci nesa ba kusa ba, sai dai yawancin hikimarta tana ɓoye a cikin manhaja, inda ɗan kallo ba ya ganinta.

Kwana arba'in da ɗaya bayan nan

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma mai tuna bara yakan zaɓi abin da zai tuna, kuma a nan haɗarin wannan sha'awa yake.

Ranar 11 ga Yunin 1955, kwana 41 bayan nasarar Moss, ana cikin gasar awa 24 ta Le Mans a Faransa, Mike Hawthorn ya taka birkin Jaguar ɗinsa don ya shiga wurin shan mai. Motarsa na da sabon birki mai faifai, wanda Jaguar ta riga ta ci gasar 1953 da shi, kuma yana tsayar da mota da wuri fiye da yadda aka saba. Lance Macklin da ke bayansa a cikin Austin-Healey ya kauce hagu. Pierre Levegh, wanda ke tahowa a guje cikin 300 SLR, ya hau bayan motar Macklin, motarsa ta tashi sama ta tarwatse a kan jama'a. Injin da murfin gaba da sauran ƙarafa suka ratsa cikin 'yan kallo. Jikin motar na ƙarfen maganiziyam ne, wanda idan ya kama wuta ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Levegh ya mutu, tare da mutum fiye da 80. Ba a dakatar da gasar ba. Mercedes ta janye sauran motocinta cikin dare, Hawthorn da Ivor Bueb suka ci gasar washegari. Suwizalan ta haramta tseren motoci a filin da'ira, kuma sai bayan fiye da shekara 60 ta sassauta dokar.

Shekara biyu bayan haka, a Mille Miglia ta 1957, tayar Ferrari ɗin Alfonso de Portago ta fashe kusa da ƙauyen Guidizzolo. Shi da abokin tafiyarsa Edmund Nelson suka mutu, tare da 'yan kallo tara, biyar daga cikinsu yara. Daga nan gasar ta ƙare a matsayin tseren gudu.

Ko a shekarun 1960 abin bai canza sosai ba. A Spa da ke Beljiyam a 1966, Jackie Stewart ya maƙale a cikin motarsa kusan minti 25, fetur na zuba a jikinsa, babu ma'aikacin ceto a kusa. Wasu direbobi biyu ne suka aro sifana daga wani ɗan kallo suka kwance sitiyarin suka ciro shi. Wannan ne ya sa ya shiga fafutukar neman shinge da ɗamarar kujera da likitoci a filin tsere, wasu kuma suka riƙa yi masa kallon matsoraci. Jim Clark, wanda da yawa ke ɗauka shi ne gwanin zamaninsa, ya mutu a Hockenheim a 1968.

Motar da aka saya Yuro miliyan 135 'yar'uwar motar Levegh ce, injinsu ɗaya, ƙashin jikinsu ɗaya. Wanda ya yabi kyan ƙirarta ya tsallake 11 ga Yuni, ya karanta rabin shafi ne. Sha'awar da ta cancanci girmamawa ita ce wadda ta san cewa shinge da hular kwano ta zamani da tankin mai marar fashewa duk an same su ne bayan an binne mutane.

Abin da kulle ke yi wa mota

Masu son a ajiye motocin suna ɗauka cewa ajiya kariya ce. Bakanike ya san ba haka ba ne. Motar da ta daɗe ba a tayar ba, robobinta na bushewa su tsage, fetur ɗin da ke ciki ya daskare ya toshe kafireto, ruwan birki ya sha danshi ya ci ƙarfe daga ciki, fistin ya manne a silinda. Kamar doki ne da aka ɗaure a barga shekara da shekaru: ana ba shi dawa, ana goge shi, amma ranar hawa ƙafarsa ba za ta ɗauke shi ba.

Faransa ta ga misalai biyu. A Mulhouse, 'yan'uwa biyu masu masaƙu, Hans da Fritz Schlumpf, sun shafe shekaru suna sayen motoci a ɓoye, suka tara ɗaruruwa, ciki har da Bugatti fiye da 100, a wani gini da kusan babu wanda ke shiga. Masaƙun suka durƙushe, 'yan'uwan suka tsere Suwizalan, a 1977 ma'aikatan da suka rasa aiki suka kutsa ginin suka ga inda dukiyar ta tafi. Suka mamaye wurin kusan shekara biyu suna buɗe wa jama'a ƙofa. Yau gidan tarihi ne na ƙasa, amma tarihinsa ya nuna yadda son tarawa ke iya zama cuta. Na biyu shi ne tarin Roger Baillon, kusan motoci 60 da aka gano a 2014 a yammacin ƙasar, yawancinsu tsatsa ta cinye a ƙarƙashin rumfunan kwano. A cikinsu aka tono wata Ferrari 250 GT California daga ƙarƙashin tulin mujallu, aka sayar da ita a Paris a 2015 kan fiye da Yuro miliyan 16.

Akwai kuma kullen da kasuwa ke jawowa. Lokacin da 250 GTO ta fito a 1962, dala 18,000 ake sayar da ita a Amurka, kuma 36 kawai aka ƙera. Idan abu ya tashi daga wannan farashi zuwa miliyoyi, masu sayensa na canzawa. Wanda ke son tuƙi ya ba da wuri ga wanda ke neman inda zai ajiye kuɗi, kowace kilomita ta zama asara, kowane ƙwarzane ya zama abin tsoro. Kasuwar ma ba ta da amana: bayan rasuwar Enzo Ferrari a 1988 farashi ya yi tashin gwauron zabi, a farkon shekarun 1990 ya faɗo, ya bar masu neman riba da bashi.

Asarar da ta fi girma ba a jikin motar take ba. Sana'o'i ne ke tafiya da ita: mai buga alminiyam da guduma har ya fitar da siffar bodi, mai daidaita kafireto shida da kunne, mai saƙa ƙafar mota ta waya, direban da ya iya sauya giya marar sassauci ba tare da ya kakkarya haƙoranta ba. Littafi ba ya riƙe irin wannan ilimi. Yana rayuwa ne muddin akwai motar da ta lalace a fili ranar Asabar, ake so ta tashi ranar Lahadi, kuma akwai yaro a gefen maigida yana miƙa masa sifana.

Darasin Goodwood

A kudancin Ingila, kusa da Chichester, akwai filin Goodwood, wanda asalinsa sansanin jiragen yaƙi ne. An buɗe shi don tsere a 1948, aka rufe a 1966 da motoci suka fi ƙarfin filin. A nan Moss ya yi haɗarin 1962 da ya kwantar da shi wata guda a sume ya kuma kawo ƙarshen gasarsa a matakin ƙoli. A nan Bruce McLaren ya mutu yana gwajin mota a 1970. A 1998 Lord March, wanda yanzu shi ne Duke na Richmond, ya sake buɗe filin da bikin Goodwood Revival, wanda ake yi kowace Satumba. Motocin na wancan zamani ne, 'yan kallo na sa tufafin wancan zamani, amma tseren na gaske ne. Ana goga juna, ana fita hanya, wani lokaci motar miliyoyi ta bugi shinge a gaban dubban mutane.

Bambancin shi ne direban yau na sanye da kayan da wuta ba ta ci da wuri, da ɗamara, da hular zamani, 'yan kallo na bayan shinge, likitoci na jira. An riƙe motar, an bar sakacin. Italiya ta bi wata hanyar: Mille Miglia ta dawo tun 1977, amma yanzu gasar kiyaye lokaci ce, kuma irin motocin da suka shiga tsakanin 1927 da 1957 kawai ake karɓa.

Masu suka na da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Na farko, kowane haɗari na cin wani abu na asali. Motar da aka sauya wa bodi da injin da rabin ƙashin jiki, me ya rage na 1955 a cikinta ban da lamba? Amsar ita ce motocin tsere tun suna sababbi haka ake yi musu, ana sauya musu sassa tsakanin gasa da gasa, kuma mafi yawansu ba su taɓa zama da kayan da suka fito da su daga masana'anta ba. Na biyu, tsoron asara ya haifar da kwafi. Takardar shaidar da hukumar FIA ke bai wa tsofaffin motocin tsere tana tabbatar da cewa ƙirar ta dace da ta zamanin, ba ta tabbatar da cewa motar ce ta asali. Jaguar da kanta ta ƙera sababbin E-Type marasa nauyi guda shida a tsakiyar shekarun 2010 don cike adadin da ta bari a 1963. Kwafi ba laifi ba ne idan an faɗa. Laifin shi ne a sa ɗan kallo ya yi zaton yana ganin tarihi alhali sabon ƙarfe ne. Na uku, hayaƙi. Waɗannan motoci kaɗan ne kuma tafiyarsu a shekara gajeriya ce, kuma tun 2024 Goodwood ta wajabta wa dukkan masu tsere amfani da man da akasarinsa ba daga rijiyar fetur ya fito ba. Na huɗu, cewa wasan masu kuɗi ne. Gaskiya ne. Amma attajirin da ya fito da motarsa fili ya raba ta da duk wanda ya sayi tikiti, wanda ya kulle ta kuwa shi kaɗai da mai gadinsa.

Dole a yarda cewa akwai motocin da hutu ya kamace su. Moss ya rasu a Afrilun 2020 yana da shekara 90. A shekarar da ta biyo baya Mercedes ta fito da 722 ta zagaya titunan Landan don ban kwana, sannan ta mayar da ita gidan tarihi. Irin wannan mota ɗaya ce, ba ta da madadi, kuma ta yi shekara fiye da 60 ana jin muryarta. Amma motoci nawa ne ke da matsayin 722? Ba su kai yatsun hannu biyu ba. Sauran dubban ba su da wannan uzuri.

Ba sai Ferrari ba

Kuskure ne a ɗauka cewa darajar tsohuwar mota na farawa daga miliyan. Duk wanda ya tashi a Arewacin Nijeriya ko Nijar ya san Peugeot 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ta zama motar ma'aikaci da ta gwamnati da ta tasha. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne motar na da tarihin tsere na gaske. A shekarar 1975 ɗin, Ove Andersson ɗan Suwidin ya ci gasar Safari ta Kenya da ita, gasar da ake ɗauka tana cikin mafiya wahala a duniya. A 1978 Jean-Pierre Nicolas ya sake ci da samfurinta mai ƙofa biyu da injin V6, wanda gidan Pininfarina na Italiya ya zana, gidan da ya zana yawancin Ferrari na wancan zamani. Ƙarfin da ya sa ta jure lakar Kenya shi ne ya sa ta jure hanyar Kano zuwa Maiduguri da fasinja da kaya.

Yau 504 na ƙarewa a hannun masu sayen tsohon ƙarfe, ana auna ta a sikeli. Tare da ita ake rasa bakaniken da ke sa kunne a murfin injin ya faɗi abin da ke damunta kafin ya taɓa ta. An ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai idan an samu wanda ya adana ta. Wanda ya gyara 504 ɗin mahaifinsa, ya nemo dattijon da ya san ta, ya sa yaro ya tsaya a gefensa, yana fita da ita ranar Juma'a, aikin da yake yi shi ne wanda ake yi a Goodwood, kuma ya fi kusa da ruhin abin fiye da mai ajiyar da ba a shiga.

Uhlenhaut, wanda ya fi kowa sanin darajar abin da ya ƙera, bai lulluɓe motarsa da mayafi ba. Ya tayar da ita da safe ya tafi aiki, ƙararta na tada unguwa. Ɗayar 'yar'uwarta na nan a Stuttgart, kuma kamfanin na da injiniyoyin da ke iya tayar da ita. Ranar da aka wayi gari babu wanda ya iya, abin da zai rage a bayan igiyar ƙarfe ne mai kyan gani, ko nawa aka rubuta a takardar gwanjo.